Kofin da Kawu Ya Hana Fashewa

A gidan Kawu Sharfaddeen da ke Gafasa, in yaro ya fasa tangaran ba a dukansa. Mutane na cewa haƙuri ne. Ni da na san labarin, na san kunya ce.

Shekara goma sha tara ya yi yana kuku a Abuja, a gidan wani tsohon injiniya Bayahude mai riƙo da addininsa. Abin alfaharin Kawu ɗaya ne, har ya ishe mu da shi duk sallah: wai ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba, balle ya fasa kofi.

Da auren 'yar maigidan ya zo, aka kafa rumfar ƙyalle mai sanda huɗu a farfajiya. Da safe maigidan ya miƙa masa wani kofin gilashi marar kauri, kamar ɓawon ƙwai, ya ce ya naɗe shi a farin ƙyalle, in an yi masa alama ya ajiye a ƙasa gaban ango. Kawu ya ce a ransa: a ƙasa, cikin wannan taro? Wani ya taka, a ce Sharfaddeen ne! Bai tambayi kowa ba, don Kawu ba ya tambaya. Ya ɓoye gilashin, ya naɗe kofin silba.

Amarya ta zagaya ango sau bakwai, ango ya sa mata zobe, malaminsu ya karanta takardar aure, aka yi addu'o'i. Kawu ya ajiye ƙunshinsa ya ja da baya, yana jin daɗin dabararsa. Sai ya ga ango ya ɗaga ƙafa ya take shi da gangan. Ba abin da ya fashe. Ya sake takawa, kofin ya suɓuce ya gangara har gaban baƙi, a lotse. Wasu suka tuntsire da dariya. Uwar amarya ba ta yi ba.

Aka ɗauko wani gilashin daga kicin aka fasa, aka yi ta tafi. Ba wanda ya yi wa Kawu faɗa, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Washegari tsohon ya kira shi.

"Sharfaddeen, muna fasa kofi ne don tuna ɗakin ibadarmu da aka rushe a Ƙudus, kada murna ta mantar da mu. Wancan da na ba ka na mahaifiyata ne. Shekara talatin ina ajiye da shi saboda jiya."

Da ƙasa za ta tsage, da Kawu ya shige. Ya ruga ya ɗauko kofin gilashin da ya ɓoye, ya miƙa da hannu biyu.

Tsohon ya girgiza kai. "Riƙe shi. Kai ka iya ajiya, ni kuwa ba ni da wata 'yar da zan aurar."

Yau gyaɗa Kawu yake nomawa. Kofin na ƙasan akwatinsa, ko tsagewa bai yi ba. Na taɓa roƙonsa ya nuna mini, sai ya kau da kai.

"Ummukulthum, ki bar ni da abin kunyata."