Tsohon da Yake Ɗaga wa Jirgi Hannu

Jiya wata abokiyar aikina ta buɗe filas ɗinta, ƙamshin shayi mai na'ana'a ya cika ofis. Sai na tuna wani fili mai tsakuwa a gabashin Jidda, da tabarmar roba, da filas ɗin shayinmu, da kakana zaune yana kallon layin dogo.

A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ni, a gidan haya da muke zaune tare da wasu iyalai. Kakana na wajen uwa, wanda muke kira Jaddi kamar sauran yaran Jidda, shi ne babba a gidan. Yana saurayi ya baro ƙasar Damagaram da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi shekaru yana loda buhunan auduga cikin taragai. A can son jirgin ƙasa ya kama shi. Da ya ƙetaro teku, sai ya tarar da gari mai jirgin ruwa da jirgin sama, amma babu dogo. Muka taso muna jin labarin hayaƙi da gawayi da kukan jirgi daga bakinsa, mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a talabijin.

Ban daɗe da gama firamare ba aka fara gwajin jirgin nan mai gudu tsakanin Makka da Madina. Kawuna direba ne a unguwar Abhur, Juma'a yake hutu. Da an yi la'asar sai Jaddi ya ɗauki sandarsa ya ce, “Yalla,” mu cika mota. Lokacin zafi laimar teku takan manna wa mutum riga a jiki, ƙarfen shinge ba ya taɓuwa, amma bai taɓa fasa zuwa ba. Da sanyi ya shigo kuwa filin ya fi daɗi. Mukan tarar da wasu tsofaffi biyu 'yan Pakistan da wani Balarabe da 'ya'yansa. Ba su san sunan juna ba, sun dai san lokacin wucewar jirgi.

Akwai kuma maƙwabcinmu ɗan Chadi, makaniki, muna ce masa Ammu. Shi ke riƙe wa Jaddi hannu a kan tsakuwa. Da farko rakiya yake yi, daga baya ya fi kowa ɗoki, har yakan ce burinsa ya leƙa injin abin nan sau ɗaya. Ammu ya daɗe da ɓatawa da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa ta izinin zama kuma ta mutu. Duk gidan mun sani, ba mai furtawa.

In jirgi ya taho, Jaddi yakan miƙe ya ɗaga hannu, ba ya saukewa sai tarago na ƙarshe ya ɓace. Sannan ya zauna yana ƙorafi, wai wannan jirgi ko tari ba ya yi.

Wata Juma'a wani saurayi ya zo da babbar kyamara. Shi ma masoyin jirgi ne, mun sha ganinsa can nesa. Ran nan da jirgi ya taho, sai ya juyo da kyamarar wajenmu. Ni na gani, Ammu ma ya gani, ya kai hannu zai rufe fuska, amma ya makara. Saurayin ya yi mana murmushi ya tafi.

Tsakiyar mako kawu ya shigo da waya a hannu, ya nuna mana bidiyon da saurayin ya sa a intanet. Ga Jaddi tsaye da hannu sama, an sa wani kiɗa mai taushi, an rubuta da Larabci cewa tsoho ne ke gaida jirgi. Mutane suna ta yabo da addu'a, wasu suna dariya. A gefensa ga Ammu, fuskarsa a fili, da rigar aikinsa mai tambarin gareji. Washegari mai garejin ya ce masa ya ɗan dakata da zuwa tukuna, ba ya son a biyo shi da tambaya.

Juma'ar da ta biyo Ammu bai fito ba. Saurayin kuwa ya zo da fara'a, ya durƙusa yana nuna wa Jaddi yawan waɗanda suka kalla.

Jaddi ya ce, “Ya waladi, ɗana, ka tambaye mu?”

Saurayin ya ce, “Ya ammi, baba, ai fili ne, kowa na ganin kowa. Kuma mutane sun so ka.”

“Waɗanda suka gan ni a nan, ni ma na gan su. Da ka tambaye ni, da na sa farar rigata na tsaya maka. Wanda ke riƙe da hannuna kuwa, da ya ce a'a, ya koma bayan mota, halas, shi ke nan.”

Bai faɗa masa dalili ba, amma saurayin ya dubi inda Ammu ya saba tsayawa, ya gane. Nan take ya goge bidiyon, ya yi ta ba da haƙuri. Ban ɗauke shi mugun mutum ba, har yau. Sai dai wasu sun riga sun kwafa, abin ya ci gaba da yawo.

Iyakar saninmu, ba wanda ya zo neman Ammu. Amma aiki ya tsaya, kuma duk motar da ta taka birki a ƙofar gida sai ya miƙe. Ummina, wato mahaifiyata, takan aika ni da abinci, in same shi zaune, taga a rufe. Kafin zafi ya dawo ya ce ya gaji, ya je ya miƙa kansa ga hukuma, aka mayar da shi Chadi. Akwatin kayan aikinsa ya bar wa kawu.

Jaddi ya ci gaba da zuwa filin jefi-jefi, amma cikin mota yake zama. Ya samu ya hau jirgin sau ɗaya zuwa Madina. Da ya dawo ya ce kamar zama ne a ɗaki. Bayan 'yan shekaru ya rasu.

Yanzu ko'ina ka juya waya ce a sama, a tasha, a masallaci, a gidan biki. Yaran da ke tasowa ba su san lokacin da mutum zai tsaya a waje ya koma gida ba tare da fuskarsa ta riga shi isa wani wuri ba. Ba na zarginsu, don mu ma da muka tashi neman hoton Jaddi bayan rasuwarsa, ba mu sami wanda ya kai wancan ba. Ummina ta ce in cire hoto ɗaya daga ciki a wanke mata.

Na kira Ammu a Chadi, inda yanzu yake gyaran babura. Na ce masa zan iya yanke gefen da yake. Ina jin ƙarar guduma a bayansa. Sannan ya ce, “Ki bar ni a ciki, 'yata. Ni ke riƙe da hannunsa.”