Alhaji ya ƙyalla ido a kan Gambo

Jama'a, na samu ɗaki a Ƙonni, amma wallahi hankalina a tashe yake!

Kun san Gambo, ragona, wanda na raina da hannuna tun da uwarsa ta mutu a Badagishiri. Duk gidan da dillali ya kai ni, sai a ce ba a son dabba. Yau muka shiga gidan wani Alhaji a bayan tasha. Yana ganin Gambo ya washe baki! Ya shafa ƙirjin ragon, ya matsa gadon bayansa.

Ya ce, "Malam, ɗaki naka ne. Haya ma na rage maka."

Na yi ta godiya, na karɓi makulli. Sai ya ƙwala wa matarsa kira: "Hajiya, zo ki ga layyar gidanmu ta bana!"

Na ce, "Alhaji, ai Gambo ba na yanka ba ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, Malam akwai barkwanci!"

Don Allah wa ya san wani ɗaki? Ga Alhaji can yana tura wa Gambo harawa, wawan kuwa sai ci yake.