Rabin Sarƙar Furen Puranam

Duk wanda ya yi aure ko ya mutu a garinmu, sai ya bi ta hannun Puranam. Ita ke kitsa malai, sarƙar furen nan da muke rataya wa ango da amarya, da uwarmu Amman, abar bautarmu, a ɗakinta na ibada, da hoton wanda ya riga mu tafiya. Tana zama a baranda, kwandon fure a cinya, zaren ayaba a ɗan yatsa, hannu na gudu baki na gudu, kuma bakin ne ya fi sauri. Kuka a gidan makoki ne kawai ba a gayyatarta, don in ta buɗe murya har mamacin sai ya so ya toshe kunne.

Mijinta Sinnadurai mai hawan giginya ne. Kullum sai ya sauko da tulun bammi rabi, ya rantse rana ce ta shanye sauran.

"Uban Kugan," in ji ta, "wannan ranar taka da gashin baki take? Ga kumfa nan a jikinsa."

Sun haifi uku: Kugan, Vasuki, sai auta Senduran, wanda kowa ke kira Sendu. Wata shekara lokacin bikin Amman, samarin biyu suka je garin Mullaitivu suka tsaya gaban mai hoto. Kugan ya aro agogon da ba ya aiki, ya juya hannu don a gan shi da kyau. Sendu ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa don ya kamo tsawon wansa, ya saƙala hannu a wuyansa. Bayansu labule ne mai zanen dutsen ƙanƙara, abin da ko kakansu bai taɓa gani ba. Puranam ta yi faɗan asarar da aka yi har mako ya zagayo, sannan ta sa hoton a gilashi ta hana kowa taɓawa.

Yaƙi bai shigo mana rana ɗaya ba. Kugan ya bi 'yan ƙungiyar tawaye da ƙafarsa, aka dawo da shi cikin akwati, aka binne shi a maƙabartar mayaƙa, ba a ma bar uwarsa ta ƙona shi yadda muke yi ba. Sinnadurai kuwa yana saman giginya harsashin igwa ya sare kanta da shi a kai. Puranam takan ce ranar ce kaɗai ya taɓa saukowa da wuri. In ta faɗa sai ta yi dariya, mu ma mu taya ta, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

A watannin ƙarshe muka zama kamar awakin da ake kora zuwa bakin teku. Yau ka haƙa rami ka kafa tamfal, gobe ka naɗe ka ƙara gaba. 'Yan ƙungiya suka shiga kwasar samari da ƙarfi. Puranam ta ɓoye Sendu a cikin tsohuwar gangar shinkafa, suka zaƙulo shi. Bai daɗe a wurinsu ba ya gudo ya dawo, kai a aske. Ranar da muka tsallake ruwa muka faɗa hannun sojoji, hoton nan na ɗaure a cikinta cikin leda, ƙarƙashin zani. Lasifika na ta shela: duk wanda ya taɓa zama da ƙungiya, ko na yini ɗaya ne, ya fito, tambayoyi kaɗan ne a sake shi.

Sendu ya dubi uwarsa, ya kira ta Amma, yadda muke kiran uwa. "Amma, in tafi?"

"Je ka faɗa musu gaskiya. Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, me za su yi da kai?"

Ya cire silifas ɗinsa ya ajiye mata, don nata ruwa ya tafi da su. Ya shiga bas ɗin sojoji ba takalmi. Shi ke nan.

Da aka sako mu daga sansanin da sojoji suka tsare mu, ta tarar da gidanta bango huɗu ba rufi. Maƙabartar Kugan an bi ta da motar rusau, ko dutsen da ke ɗauke da sunansa ba ta samu ba. Sinnadurai bai bar hoto ba, don a rayuwarsa cewa yake hoto rage kwana yake yi, ga shi kuwa ya ga yadda ƙin hoton ya tsawaita masa. Sai ta kafa masa ƙusa a bango, tana rataya fure a kan ƙusar tsirara. Ya ishe shi, in ji ta, shi ma ba wani kyau ne da shi ba.

Hoton samarin ne ya tsaya mata a wuya. Ko yaro ya san ba a rataya wa hoton mai rai malai; kamar ka kira masa mutuwa ne da hannunka. Kugan ya mutu, ba kabari, ba toka, furen nan kaɗai ya rage masa a duniya. Sendu kuwa bas kawai ya shiga. Ga su cikin gilashi ɗaya, wuya da hannu.

Maƙwabciyarta Rasamma mai tuyar appam, wainar shinkafarmu, ta leƙo ta saman shingen ganyen giginya. Wannan matar ba a taɓa neman shawararta ba, ba ta kuma taɓa fasa bayarwa ba.

"Akka, yayata, abin ai mai sauƙi ne. Kawo almakashi, mu raba su."

"Ki yanke ta ina, sarauniyar hankali? Hannun Sendu na kan wuyan wansa. In na bi nan, ɗana mai rai ya dawo ya ga na guntule masa hannu. In na bi can, na sare wuyan Kugan karo na biyu."

"To ki bar shi ba fure."

"Ke a bar ki ba abinci mana, ko za ki rage faɗi."

Washegari Rasamma ta sake leƙowa ta ga abin da ba a taɓa gani ba a garin nan. Puranam ta kafa ƙaramar ƙusa a tsakiyar katakon hoton daga sama, wata a gefen hagu. Malai ta taso daga tsakiya, ta zagayo kan Kugan, ta tsaya. Ɓangaren Sendu fayau, ko ganye bai taɓa shi ba. Tsayin sarƙar ma sai da ta auna, don kada ta sauko kan yatsun Sendu da ke kafaɗar wansa.

Haka ta yi ta yi kowace safiya, shekara da shekaru. Baƙi su shigo su gaishe ta da Acci, wato kaka, su ce, "Acci, furenki ya zame," su miƙa hannu za su gyara. Da yawa sun sha mafici a bayan hannu. Wani malamin makaranta ma har yau ta ɗaya gefen titi yake bi.

Da uwayen waɗanda suka ɓace suka kafa rumfa a bakin titin Kilinochchi, Puranam ta bi su. Ta zauna cikin rana da ƙurar motoci, hoton a ƙirji, manyan mutane su zo da fararen motoci su girgiza kai su tafi. Matan rumfar suka yi ta raguwa, ba don 'ya'yansu sun dawo ba.

Vasuki, wadda ke aure a Vavuniya, ita ce ta gaji ta faɗi abin da kowa ke haɗiyewa.

"Amma, in ya mutu fa? Yana can yana gararamba da yunwa, ba wanda ya taɓa kunna masa fitila, ba wanda ya zuba masa shinkafa. Ki bari a yi masa abin da ake yi, ya huta."

"In kuma yana raye, a wani ɗaki mai duhu, abin da ya rage masa kawai shi ne uwarsa ba ta sa masa fure ba?"

"Ni ma 'yarki ce. Ina raye, ga ni a gabanki, ko kallona ba kya yi."

"Ke ba ni na ce ki shiga bas ba."

Vasuki ta yi wata da watanni ba ta tako garin ba. Da ta dawo, kyautar sulhu ta kawo. Wani ɗan jarida ya taɓa ɗaukar Puranam hoto a rumfar, Vasuki ta nemo hoton, ta sa aka wanke babba aka sa a gilashi. Puranam ba ta da wani hoton sai na katin shaida, wanda ruwa ya cinye har ya zama kamar tabon miya.

Ta kawo shi dab da hanci, don yanar ido ta fara rufe mata gani. "Wace ce wannan tsohuwar mai fuska kamar gwandar da ta kwana a kasuwa?"

"Ke ce, Akka," in ji Rasamma. "Ai ma ya rufa miki asiri."

Suka yi dariya. Sai dariyar Puranam ta yanke. A hoton, hannayenta biyu na rungume da gilashin samarin a ƙirjinta, ga Sendu nan ƙarami a kan yatsun ƙafa. Ta ɗora yatsa a haɓarta ta cikin hoton, ta ja shi ƙasa a hankali har kan Sendu. Tazarar ba ta fi yatsa uku ba. Ta san wannan hoton za a rataya ranar da ta mutu, ta kuma san inda malai ta al'ada ke sauka, ita da ta kitsa dubbai: daidai ƙirji.

Da ciwo ya kwantar da ita bayan damina, ta sa aka kira su biyun.

"Rasamma, ke shaida ce, don bakinki ba ya rufuwa, duk gari zai ji. Vasuki, tawa gajera za ki yi. Ta tsaya a haɓa. Kada ki bar mijinki ya sayo ta kasuwa, waɗannan masu tsawon igiyar guga."

"Amma, ni ban iya kitsawa ba."

"Na sani. Hannunki na ubanki ne. Zauna."

A kwance ta koya mata, ido ba ya gani, yatsu na lalube, tana zaginta a kan kowane ƙulli. Rabon da su daɗe haka tare tun Vasuki na 'yar makaranta.

Ta rasu da hantsi, silifas ɗin Sendu na ƙarƙashin gadonta. Washegari da sassafe, surukinta ne ya sa wa itacen ƙona gawar wuta, aikin da na ɗa ne. Da aka dawo za a rataya hoto, sai ga dangin Sinnadurai da malai tun daga birni, doguwa, mai zaren zinariya, wadda ko minista ya samu sai ya yi godiya. Wani kawu har ya ɗaga ta.

Vasuki ta sha gabansa. Ita da ta yi imani ƙaninta ya daɗe da zama ƙasa, ita ce ta karɓe sarƙar nan ta ajiye a tabarma. Ta ciro tata daga cikin ganyen ayaba, 'yar guntuwa, karkatacciya, ƙulli ya fi fure yawa.

"Wannan abin kunya za ki sa wa uwarki?" in ji kawun. "Matar da ta yi wa duk gari ado?"

"Da izininta," in ji Rasamma daga bakin ƙofa. "In kana da ƙara, ka bi ta ka kai."

Vasuki ta hau kujera ta rataya. Sarƙar ta zagaye fuskar tsohuwar ta tsaya a haɓa, kamar mai ciwon haƙori. Sannan ta kitsa rabin ta Kugan, ta sa ɗaya a ƙusar ubanta.

Sai dai ƙullin sabon hannu ba ya riƙewa. Kafin azahar fure ya yi laushi, zare ya saki, sarƙar ta fara saukowa. Vasuki ta gani, ta tashi daga cikin masu gaisuwa ta ɗage ta. Can an jima ta sake ɗagewa.

"Mami," ta ce da Rasamma, ba ta juyo ba, "har yaushe zan yi ta yin wannan?"

Rasamma, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa rasa amsa ba, ta tashi ta riƙe mata kujerar.