Mang Kosasih da Sunan da Ya Goge

Kowace safiya, kafin masu sayar da waya su ɗaga ƙyauren shagunansu, Mang Kosasih ya riga ya zauna a rumfarsa ta ƙarƙashin matakala, a kasuwar kayan lantarki ta birnin Bandung. Shayi a gefe, soyayyar ayaba a takarda, shi kuwa yana ɗaga tsofaffin faya-fayan kwamfuta zuwa haske yana goge musu funfuna da auduga. Bana zai rufe rumfar, don ido ya gaji, masu saye kuma sun ƙare.

Lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajenmu, manhaja ta asali sai ɗan gata. Mu 'ya'yan talakawa wurin Mang muke kai faifai babu komai, mu koma gida da wasa ko abin buga rubutu. Satar fasaha ce, ba za mu sauya mata suna ba. Amma da yawa cikin masu hura hanci a manyan ofisoshi yau, a rumfar nan suka fara taɓa kwamfuta, kuma abin takaici, ban ga wanda ya dawo gaishe shi ba. Mang, kai ne ka koya mana huda gefen faifai don a mori bayansa. Kai ne mai daka mana tsawa: "Sauke shi daga kan rediyo! Maganaɗisu ya cinye shi, ka dawo kana mini kuka."

Bara wata mata mai suna Lilis ta zo. Mahaifinta, Pak Wiranta, malamin firamare ne da ya taɓa rubuta manhajar koya wa yara lissafi da harshen Sunda, yaren mutanen yankinmu. Kwafin Mang ya cika gari, malamin bai sayar da abin kirki ba, ya yi fushi ya daina. Yanzu yana kwance, ɓarin jiki ya shanye, laima ta lalata faya-fayansa, burinsa kawai ya sake ganin aikinsa kafin ya bar duniya.

Mang ya kira ta Neng, kamar yadda ake kiran 'ya mace a nan, ya ce, "Ya san nan kika zo? Ko sallamata ba ya amsawa."

"Shi ya aiko ni, Mang. Cewa ya yi in je wurin ɓarawon nan, ba ya zubar da komai."

Mang ya yi dariya har da tari, ya hau tonon kwalaye. Da ƙyar ya samo faifai guda mai sauran rai. Ya sa shi a wata tsohuwar kwamfuta, manhaja ta tashi, sai dai a allon farko sunan rumfar Mang ne ya fito ɓaro-ɓaro. Al'adar masu sana'ar ce a wancan zamani: wanda ya fasa makullin manhaja sai ya cire sunan mai ita ya ɗora nasa.

Lilis ta ce, "Ina sunan Baba?"

"Ni na goge shi, Neng. Lokacin gani nake burgewa ce."

"Ba ni a haka, jikin nasa ba daɗi."

"Wallahi ba zan kai masa wannan ba. Ki ɗan ba ni lokaci."

Hannu ya manta, ido ba ya gani sosai. Maƙwabtansa sun shaida yadda ya yi kwanaki duƙe da gilashin ƙara girma, shayinsa na hucewa, har ya mayar da sunan. Ya ɗaure tsohuwar kwamfutar a bayan babur ya nufi gidan malamin. A bakin lungu ya tarar da tutar takarda ruwan ɗorawa, wadda ake kafawa idan an yi rasuwa.

Bai juya ba. Ya shiga ya yi ta'aziyya, ya nemi wurin wuta ya kunna. Sunan Pak Wiranta ya fito, kowa ya karanta ban da mai shi.

Mun gode, Mang, da abin da ka koya mana, da abin da ka adana lokacin da kowa ke zubarwa. Ka makara, amma ka je, kuma ka shiga. Duk wanda ke riƙe da haƙƙin wani ya yi koyi da kai, sai dai ya fi ka sauri.