Ƙofar Inna da Murfi Uku

Tarihin wayewar ɗan Adam, in aka tace shi aka zubar da tsaki, bai wuce ƙoƙarin ɓoye sawun buroshi a jikin ƙofa ba. Na yi shekara talatin ina koyar da tarihi, ban gane haka ba sai shekarar da mahaifiyata ta tafi aikin hajji.

A garinmu ba a tarbar alhaji da tsohon fenti. Ƙofar ɗakin Inna ta ƙarfe ce, kuma masu fentinmu da fetur suke sirka fenti, ya bushe tun kafin buroshi ya ɗaga, sai ka ga ƙofa layi-layi kamar kunyar albasa. Ni kuwa so nake ta dawo ranar Juma'a ta tarar da ƙofa sumul, kamar ruwan kanal ɗin noman rani da hantsi kafin iska ta taso.

Na shiga Kano na sayo wata 'yar kwalba. Mai shagon ya ce ruwan cikinta yana jinkirta bushewar fenti, har layukan su samu sukunin kwanciya. Murfi ɗaya a gwangwani, in ji shi. Takardar jikin kwalbar ma haka ta ce, kuma ni mai girmama rubutu ne.

Mai fentinmu, wanda da rani manomin tumatir ne, ya juya kwalbar ya shinshina.

"Malam, murfi ɗaya? Ko tsutsa ba za ta ji wannan ba."

"Ba feshi za ka yi ba, fenti ne."

"Duk magani ne. Mu nan in takarda ta ce ɗaya, biyu take nufi, kunya ce ta hana ta faɗa."

Ya zuba biyu, ya ƙara na uku don albarka. Ban hana shi ba, domin ni ma haka nake yi wa shinkafata da taki.

Ranar Talata ce. Na ɗauko kujera na zauna ina kallo. Buroshi ya wuce, layukan su tsaya jim kaɗan kamar masu tunani, sai su narke su shige cikin juna. Koren ya yi zurfi har na fara ganin abubuwa a cikinsa: mangwaron tsakar gida a kife, balbelu suna wucewa can ƙasan ƙofa za su bi shanu, da wani dattijo mai farin gashi da na jima kafin na yarda ni ne. Har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

Laraba bai bushe ba. Alhamis ma haka. Na tsaya gadi, ina korar awaki da ƙudaje, ina roƙon maƙwabta su dakata da sheƙe shinkafa. Mai fentin ya zo ya duba daga nesa, ya ce, "Sai haƙuri, Malam, fenti mai ilimi ba ya gaggawa."

Juma'a Inna ta sauka, gida ya cika da guɗa. Na buɗe baki zan yi gargaɗi, amma wa zai ji ni? Ta zo bakin ɗakinta a gajiye, ta dafa ƙofar da tafin hannu don ta cire takalmi. Sai ta dubi hannunta, ta dubi jama'a, ba ta dube ni ba.

"Aikin ɗan boko ne wannan," ta ce. "A ba ni kananzir."

Fentin ya bushe ranar Litinin. Har yau babu sawun buroshi ko ɗaya a ƙofar. Akwai yatsu biyar.