Tsaunin Laka a Bayan Gidan Yaya

Ruwa ya ci gidana a wajen Indabo, ya tafi da matata da 'yata. An tsinci gawar uwar a gonar shinkafa. Ta yarinyar ba a gani ba.

Yayana ya ɗauko ni ya kawo ni Wudil, ya ba ni ɗaki a soron gidansa. Da safe in je kogi lodin yashi, da yamma in zauna. Ba na hira da kowa.

Akwai wani ɗalibin jami'a da ke haya a ɗakin da ke kusa da nawa. Wata rana na gan shi yana zane a kwamfuta, duwatsu da koguna da daji. Na tambaye shi wace ƙasa ce. Ya ce babu ita a duniya, shi ya ƙirƙiro abarsa don nishaɗi. Na daɗe ina kallo.

Ni ban san kwamfuta ba, laka na sani. Na ɗebo yumɓu daga bakin kogi, na share fili a bayan gida kusa da turken awaki, na fara tawa ƙasar. Na yi fadama, na yi jigawa. Tsakuwa ce garuruwa, tsinken tsintsiya ne daji. Kogi kuwa ba na jan sa da yatsa. Buta nake ɗauka in tsiyaya ruwa daga tudu, inda ya bi, nan ne kogi. In ya ci gari, in matsar da tsakuwar, in sake zubawa. Wuri ɗaya nake nema, wanda ruwa ba zai kai ba ko tulu aka juye.

Da na ga babu dabara sai tsauni, na gina shi a gefe, dogo, bai kai tsawon tabarma ba. Na kafa dutse a kowane ƙarshe don kada lakar ta zame. Kullum bayan la'asar sai in yayyafa masa ruwa kada ya tsage.

Matar Yaya ce ta fara gani, ta zo ba awaki dusa. Ta yar da ƙwaryar tana salati.

Kafin magariba Yaya ya same ni a wurin.

"Kai, me ka binne mini a bayan gida?"

"Ba komai, Yaya. Tsauni ne."

"Tsauni? Da dutse a kai da ƙafa? Kana yayyafa masa ruwa? Ni za ka mayar yaro?"

Na juya na duba. Sai a lokacin na ga abin da suka gani. Kudu da arewa yake kwance, kamar yadda ake yi a maƙabarta.

Ya ce, "Unguwa duk ta ɗauka. Wasu sun ce kabari ka yi wa yarinyar, wasu sun ce tsafi ne. Har liman ya tare ni. Allah Ya karɓi abinSa, ka yi haƙuri kamar kowa. Rushe shi."

"In an rushe shi ruwa zai ci garin."

"Wane gari? Tsakuwa ce fa! Innalillahi."

Ɗalibin ya fito zai yi bayani. Yaya ya ce, "Malam, karatu aka turo ka yi ko kwaɓa laka? Koma ɗaki."

Sannan ya ce da ni ko in zauna babu wannan abin, ko in nemi wani wuri. Ba da faɗa ya yi maganar ba. Idonsa ya kawo ruwa.

Washegari ya zo da fartanya. Ban hana shi ba. Na tsince tsakuwoyina na zuba a aljihu, na naɗe tabarmata na fita.

Yanzu gadi nake yi a wani wurin buga bulo a hanyar Kausani. A rumfar kwano nake kwana. Akwai fili a baya, mai wurin bai damu da abin da nake yi a can ba. Na sake ginawa, amma tsaunin yanzu kewayayye nake yin sa, kamar an kife ƙwarya. Ba ya tare ruwa kamar dogon. Yaya yana aiko mini da tuwo ranar Juma'a, ina ci. Gidansa ban koma ba. Nan nake.