Abin da Aka Ciro daga Cikin Matata

Ni direban taksi ne, lekol kuma, wato boko, ban yi nisa ba. Kada wani ya jira kalmomin likita daga bakina. Abin da na gani shi zan faɗa.

Matata ta haura arba'in lokacin da cikinta ya fara tasowa. Ba mu da ɗa. Ta yi ɓari tun farkon aurenmu, daga nan shiru. To da ciki ya fito, matan gidan hayarmu a unguwar Boukoki suka fara yi mata murmushi, wata har ta hana ta ɗaukar bokiti a bakin famfo. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce. Shekara ta zagayo. Ciki yana nan da tauri kamar an kife ƙwarya ƙarƙashin zane, jini kuwa kowane wata zuba yake kamar an yi yanka. Tafin hannunta ya yi fari fat. Da tana sayar da dambu da zogale a bakin titi, ta daina, don in ta sunkuya jiri ke kwasarta.

Gwaggonta, wadda ta raine ta, ta ce kwantaccen ciki ne. Wai yaro ne ya yi barci, wani mai hassada ya kwantar da shi, in an dace da mai magani zai farka. Da taksina na yi ta yawo da su. Na ga mai tofi, na ga mai saiwoyi a bayan kasuwa, na ga wani mai lasifika bisa mota wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da ciwon suga da rashin haihuwa. Kowanne ya kalli cikin sai ya lumshe ido ya ce namiji ne. Ba wanda ya taɓa ce mana mace ce. Sun san abin da ke kwance bakin zanen tsohuwa.

Ranar da matata ta faɗi a banɗaki ban nemi izinin kowa ba. Na sa ta a mota na haye gada zuwa wani likita, wato asibiti, a Lamordé. Aka yi mata eko, wato hoton ciki. Lokotoron da ta duba ta mace ce, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa ce amma ana ganewa sarai.

Ta ce, "Babu yaro. Ƙari ne, mu muna ce mashi fibrom. Ba ɗaya ba ne, kuma sun girma ƙwarai. Sai an yi aiki."

Matata ta ce, "Za a bar mini mahaifa?"

"In na iya zan bari. In na buɗe na ga ba hali, zan cire duka. Ba ni yi miki ƙarya. Amma jininki ya yi ƙasa, ba ni taɓa ki sai kun kawo masu ba da jini. Ku je ku yi shawara."

Da ta san irin mutanen da muke da su, da ba ta aike mu wajensu ba.

Ran Lahadi suka taru a tsakar gida. Ga Gwaggo. Ga yayan matata, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, don yana koyarwa a koleji. Ga nawa yayan mai shago a unguwar Kalley. Matar da aka taru dominta ita ta dafa masu shinkafa, tana tafiya tana dafa bango. Sai da suka sha ruwa suka yi gyatsa aka buɗe magana.

Gwaggo ta ce, "Ni dai ba a fiɗe mini ɗiya ina raye. Yaro yana barcinshi ku ce a sa mashi wuƙa?"

Na ce, "Gwaggo, an ɗauki hoto, ba kowa a ciki."

"Hoto! Hoto na ganin abin da aka rufe da asiri?"

Mushe ya gyara gilashi, ya ciro waya, ya yi ta karanto mana Faransanci har Gwaggo ta fara gyangyaɗi. Da ya gama ya ce akwai hanyoyi na zamani, ba sai an yanka mutum ba, a waje haka ake yi.

Na ce, "Wace wajen, Mushe?"

"Ƙasashen Larabawa, misali."

"Kai za ka kai ta?"

"Ni ina magana ne bisa ƙa'ida."

Yayana bai bari an wuce shi ba. Leɓenshi na ƙyalli da man miyarta ya ce, "Ƙane, ka yi tunani. Mace in an cire mata mahaifa, mi ya rage?" Matata na tsaye bayanshi tana kwashe kwanoni. Bai ko rage murya ba.

Na ce, "To, ko a yi aiki ko kada a yi, jininta ya ƙare. Lokotoro na son masu ba da jini. Ga ku nan, maza, kun ƙoshi. Gobe da safe zan biyo in ɗauke ku."

Nan take Mushe ya tuna yana da tansiyo, wato hawan jini. Yayana ya ce ya ji sayar da jinin suke yi, kuma namiji in an ɗebi jininshi ba ya sake moruwa a gida. Kafin la'asar tsakar gida ba kowa sai ƙasusuwa. Gwaggo ta juye sauran shinkafar a leda ta tafi da ita. Duk tsawon zaman ba wanda ya juya ya tambayi mai cikin abin da take so.

Washegari ina wanke mota a ƙofar gida ta fito ta zauna bisa dakali.

Ta ce, "Malam, kai mi ka gani?"

"Na ga kina mutuwa kaɗan-kaɗan. Amma cikinki ne, ba nawa ba."

Ta ce, "Na san ba yaro. Na daɗe da sani, ai na taɓa ɗaukar na gaske. Amma muddin yana nan, in na fita ana ce mini ya nauyin jiki. In an cire, da mi za a gaishe ni?"

Na ce, "Da ina kwana, kamar kowa."

"In an cire duka fa? Ka ji abin da yayanka ya ce."

"Shi ma Allah bai ba shi mahaifa ba, ga shi nan yana cin shinkafar mutane."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce bakina kamar na ɗan tasha. Na ce ɗan tashar ne ai. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ka kai ni."

Jini a tasha na same shi. Na tsaya inda muke shan shayi na faɗi abin da ke akwai, ban roƙi kowa ba. Wani tsohon direba Bazabarme ya ce, "Nawa rabi shayi ne, in Madam ba ta ƙyama." Muka cika mota. Wani ƙato a cikinmu yana ganin allura ya sulale daga kujera, har yau in ya shigo tasha sai an tambaye shi ko a kawo mashi ruwa. Amma ya tashi ya bayar.

Ranar aiki kuwa dangi suka cika harabar likita da tabarmi da butoci, Mushe cikin kwat yana yi wa kowa bayanin abin da ake yi a ciki. Da aka gama, wata ma'aikaciya ta fito da roba a rufe, don al'adarsu ce su nuna wa masu majinyaci abin da suka ciro. Ta buɗe. Dunƙule-dunƙulen nama ne, babban ya kai kabewa. Mushe ya kara waya a kunne ya yi nisa, ni ban ji ta yi ƙara ba. Gwaggo ta sunkuya da tsinken tsintsiya tana jujjuya su, tana neman hannu ko ƙafa. Da ba ta samu ba ta miƙe ta ce, "Sun ɓoye shi." Ni dai na gaji.

Mahaifar ba ta tsira ba. Lokotoro ta ce ta yi ƙoƙari, kuma na yarda da ita, don ita kaɗai ce tun farko ba ta yi mana alkawarin komi ba. Da matata ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Duka?" Na ce, "Duka." Ta juya fuska wajen bango. Na zauna ina kallon kafaɗarta na rawa. Can ta nemi ruwa, an hana ta sha, sai na jiƙa mata leɓe da auduga.

Yanzu ta yi ƙiba, ta koma sana'arta, har faɗa take da masu cin bashi. Mushe na gaya wa mutane shi ya matsa aka yi aikin. Ni ba na ƙaryata shi, ba ni da ƙarfin wannan. Ita kuwa ba ta sake ta da maganar ba. Sai dai in za a yi suna a gidan hayarmu, tun da sassafe take ɗaukar kwanon dambunta ta bar gidan, ni kuma in rage mata hanya.